Wanda ya je Wida, kada ya tsaya ga ruwa kaɗai

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Yaron da aka haifa a Ifarwan ya san dutsen Tamgak. Ya san ƙoramar da ke cika in ruwa ya sauka kan duwatsu. Ya san rijiyar garka da raƙumin da ke jan guga. Amma ruwan da ba a hangen ƙarshensa, sai dai a hoton littafi.

Duk da haka mutanen Abzin suna zuwa bakin teku. Maƙera suna kai zobba da sarƙoƙin azurfa Kwatano da Lome. Ƴan kasuwa suna bin motocin albasa har can. Wani lokaci, in babban hutu ya zo, kawu ko yaya yakan ɗauki ɗan makaranta ya tafi da shi. Ba kowa ke samun wannan ba. Shi ya sa wanda ya samu bai kamata ya ƙare kwanakinsa duka yana wasa da rairayi ba.

Tafiyar ba ƙarama ba ce. Daga Ifarwan sai Agadas, sai Tawa, sai Ƙonni, sai Doso, sai Gaya. A Gaya ake ƙetare kogin Kwara a shiga ƙasar Benin, a bi ta Faraku har Kwatano. Wajen kilomita 2000 ke nan. A shekarar 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, matafiya suka koma ƙetarewa cikin kwale-kwale. Saboda haka mai shirin tafiya sai ya fara tambayar halin da hanya take ciki.

Yamma da Kwatano, tafiyar kilomita 40, akwai wani tsohon gari, sunansa Wida. Baƙi da yawa suna zuwa can hutu. Akwai itatuwan kwakwa, akwai iska mai sanyi, akwai masunta da manyan jiragensu na katako. Ranar farko, a bar yaro ya kalli teku har ya ƙoshi. Ya ɗanɗana ruwan ya ji gishiri, ya tsinci ƴan kwasfan kifi. Amma kada ya shiga. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, tana jan mutum ciki, har wanda ya iya iyo. Yaron Abzin ya san abin da ƙorama ke yi wa raƙumi in ta kawo. To, teku ya fi ta. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Rana ta biyu kuwa ta gari ce.

Yaran Ifarwan sun san baƙi, ko sun ji labarinsu wajen iyayensu. Kafin shekarar 2007 Turawa ƴan yawon buɗe ido suna zuwa Abzin da yawa. Iri biyu ne. Akwai waɗanda ke sauka daga mota, su ɗauki hoton tudun rairayi, su koma mota. Ko sunan garin ba su riƙe ba. Akwai kuma waɗanda ke zama kan tabarma, su sha shayi, su tambayi wanda ya haƙa rijiya, su tambayi ma'anar zanen da ke jikin dutse. Kowa ya san waɗanda aka fi girmamawa. A Wida, ɗan Ifarwan shi ne baƙo. Sai ya zaɓi irin baƙon da zai zama.

In ya yi tambaya, ga abin da zai ji. Wida ba don hutu aka san ta ba. Shekaru wajen 200 tana cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka. Faransawa da Ingilishi da mutanen Fotugal duka sun gina ganuwarsu a garin. Ta Fotugal, wadda aka gina a 1721, tana nan. Ba su bar ta ba sai 1961, shekara ɗaya bayan ƙasar ta sami ƴancin kai, kuma sai da suka sa mata wuta suka fita. Daga baya aka gyara ta, aka mai da ta gidan tarihi. A 1727 Agaja, sarkin Dahome, ya ci garin da yaƙi, cinikin ya koma hannun sarakunan Abome. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum fiye da miliyan ɗaya aka fitar ta wannan gari.

Daga tsakiyar Wida zuwa bakin teku kilomita 4 ne. Wannan ita ce hanyar da bayi suka bi, ɗaure da sarƙa. Da mota, minti kaɗan ne. Amma ya fi kyau a bi ta da ƙafa, ko da rana ta yi zafi. Ɗan Abzin ba zai ji tsoron kilomita 4 ba.

Ana farawa daga dandalin Shasha, inda ake cewa nan ake cinikin mutane. Shasha laƙabin wani babban dillalin bayi ne, Faransisko da Suza, mutumin Barazil, wanda ya mutu a Wida a 1849. Gaba kaɗan akwai wurin da ake kira itacen mantuwa. Masu yi wa baƙi jagora suna cewa maza sukan kewaya shi sau 9, mata sau 7, don su manta da gida. Wannan labarin baka ne, ɗan makaranta ya rubuta shi a matsayin labarin baka. Gaba kuma akwai inda ake tsare bayi cikin ɗaki mai duhu, da inda aka binne waɗanda suka mutu kafin jirgi ya zo. Sai a ƙetare fadama mai ruwan gishiri. A ƙarshe, kan rairayi, ga wata babbar ƙofa da aka gina a 1995. Sunanta Ƙofar Ba Komowa. Manyan jirage ba su iya matsowa gaɓa saboda igiyar ruwa. Da kwale-kwale ake kai musu mutane. Igiyar da aka hana yaro shiga jiya, cikinta aka ratsa da su.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Nijar da wannan? Ai ba ƙasarsa ba ce. Wannan kuskure ne. Cikin waɗanda aka fitar ta Wida da Badagiri da Ikko akwai Hausawa masu yawa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun sa an kama mutane birjik a ƙasar Hausa, aka yi ta sayar da su daga hannu zuwa hannu har bakin teku. Da yawa aka kai su Bahiya, a ƙasar Barazil. Can ma ba su kwanta ba. A 1807 Hausawa sun shirya tawaye, asiri ya tonu. A 1835 bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa, da wasu Hausawa, sun tashi cikin birnin Salbado. A jikin waɗanda aka kashe an sami takardu da layu masu rubutun Larabci. Wato wasunsu sun yi karatun allo kafin a kama su.

Akwai ma wanda aka san labarinsa tun daga farko. Sunansa Muhammadu Gardo Bakwakwa. An haife shi a Jugu, garin da fataken goro ke yada zango, cikin arewacin Benin ta yau. Uwarsa asalin Katsina ce. Wajen 1845 aka sa shi jirgi a wannan gaɓa, aka kai shi Barazil. A 1847 ya gudu daga jirgin ubangidansa a Niyok, ta ƙasar Amurka. A 1854 aka buga labarin rayuwarsa. Mutum ɗaya ke nan cikin miliyan. Yawancin sauran ko sunansu ba a rubuta ba.

Wasu iyaye za su ce hutu don hutawa ne, bai kamata a ɓata wa yaro rai da labarin baƙin ciki ba. Maganarsu da tausayi a ciki. Amma yaron da ya isa karanta wannan littafi ya isa jin gaskiya. Kuma ba a ce ya yini yana kuka ba. Safiya ɗaya ce. Da maraice ya koma ya sha ruwan kwakwa.

Wasu kuma suna ƙyamar garin don ɗakin da ake kiwon mesa, inda mutanen Wida ke yin addininsu na gargajiya. Ba dole ba ne a shiga. Amma wanda ya tsaya bakin ƙofa zai ga babbar majami'ar Kirista tana fuskantar ɗakin, titi kawai ya raba su, ga kuma masallatai cikin gari. Kallo ba bauta ba ne. Abin da ba shi da kyau shi ne baƙo ya yi dariya ko ya nuna da yatsa.

Akwai wata magana mai nauyi, ba a so a faɗe ta. Bayi ba ta teku kaɗai aka fitar da su ba. Ayarin da ke tashi daga Kano da Damagaram, ya bi ta Abzin zuwa Gat da Tarabulus, ba fata da gashin jimina kaɗai yake ɗauke da su ba. Har da mutane. Rijiyoyin da suka sha suna nan. Ba a gina musu ƙofa ba. Nijar ba ta sa bauta cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu ba sai a 2003. Yaron da ya bi hanyar Wida da ƙafa, in ya komo gida, zai iya tambayar kakansa abin da ya ji game da hanyar arewa. Wataƙila tsoho ya yi shiru. Wataƙila ya yi magana.

Ba duka tafiyar ce mai nauyi ba. Kusa da ƙarshen hanyar, cikin fadama, akwai ƙauyen Jegbaji, inda mata ke yin gishiri. Suna kankare ƙasa mai gishiri, su zuba mata ruwa, su tace, su dafa ruwan kan wuta har ya ƙafe. Ɗan Abzin zai yi mamaki. Shi ya san kantun Bilma, wanda rana ke busarwa, raƙuma su ɗauko shi ta Tenere. Can kuwa iska da laima, rana ba ta isa, sai da itace. Ƙulli ɗaya ba shi da tsada, kuma ba shi da nauyi cikin jaka. In an koma makaranta cikin watan Oktoba, sai a ajiye shi kan teburin malam kusa da gutsuren kantu, ƴan aji su ɗanɗana duka biyun.