Kosovo da Zumuntar Fatar Baki

Ran 17 ga watan Fabrairu, 2008, wakilan jama'ar Kosovo suka taru a majalisarsu ta birnin Pirishtina, suka shaida wa duniya cewa sun fita daga ƙarƙashin Sabiya, sun zama ƙasa mai mulkin kanta. Kosovo ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai. Mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, watau birnin Kano kaɗai ya fi su yawa, kuma cikin kowane mutum 10 fiye da 9 Musulmi ne. Kashegari Amurka da Ingila da Faransa suka ce sun yarda da ita. Sai aka juya ana sauraron manyan ƙasashen Musulmi. Shiru ka ke ji, wai malam ya ci shirwa.

Wataƙila wani ya ce, to mene ne abin damuwa a cikin yarda, tun da ba a cin ta ba a shan ta? 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin amsa. Mutum ya kafa rumfa, ya zuba kaya, amma sarkin kasuwa bai sa sunansa cikin littafi ba. Wa zai ba shi bashi? Wa zai tsaya masa ran da rigima ta tashi? Haka ƙasa ta ke. In ba a yarda da ita ba, fasfon ɗanta takarda ce kawai a bakin iyaka. Shekara da shekaru mutanen Kosovo ba su da lambar waya tasu, sai aron ta Monako da ta Sulobeniya da ta Sabiya su ke yi, ba su sami tasu ba sai 2016. A 2015 sun nemi shiga hukumar ilmi ta UNESCO, ƙasashe 92 suka ce i, 50 suka ce a'a, suka fāɗi da ƙuri'a 3 tak. Har yau ba su da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, gama Rasha mai kujerar-na-ƙi ta tare ƙofa. Shugabanni kam ba su rasa jirgin hawa. Wahalar a kan ɗalibi da direba da mai safarar kaya ta ke sauka.

Bari mu yi lissafi. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ƙasa 57 ce. Turkiyya da Afganistan da Albaniya da Senegal ba su yi nawa ba, a makon farko suka miƙa hannu. A watan Maris na wannan shekara shugabannin ƙungiyar suka yi babban taro a Dakar, aka ci aka sha, aka nuna tausayi ga Kosovo, aka watse, kowa aka bar shi da ganin damarsa. Shekarar ta ƙare, waɗanda suka yarda a cikinsu ba su kai 10 ba. Saudiyya sai 2009. Nijar sai 2011, Pakistan sai 2012. Masar sai Yuni 2013, saura 'yan kwanaki soja su tuɓe gwamnatin da ta sa hannu. Bangladesh sai 2017. Sannu a hankali adadin ya haura rabi, amma Indonisiya, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi a lokacin, ta noƙe, haka Iran da Iraƙi da Maroko da Aljeriya da Azabaijan.

Ina dalili? Hausawa sun riga sun faɗa: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kusan kowane cikin waɗannan mahukunta yana da wani yanki a gida wanda mutanensa ke gunaguni. Indonisiya ta rabu da Timor ta Gabas bayan ƙuri'ar 1999, ta yi shekaru tana yaƙi a Aceh, ga Papuwa kuma. Maroko tana riƙe da Yammacin Sahara tun 1975. Iraƙi da Iran suna da Kurdawa. Azabaijan a lokacin yankinta na Karabak yana hannun Armeniyawa, shi ya sa har gaban Kotun Duniya ta je ta tsaya wa Sabiya. Sa'ad da waɗannan suka dubi Kosovo, ba marayu da gidajen da aka ƙone suka gani ba. Inuwar kansu suka gani, suka firgita.

Akwai kuma tsohon bashi. Sabiya ita ce magajiyar Yugoslaviya, ƙasar Tito, wanda shi da Nasir na Masar da Sukarno na Indonisiya da abokansu suka kafa Ƙungiyar 'Yan Ba-ruwanmu a Belgared a 1961. Tito ya taimaki Aljeriya da makamai da magani sa'ad da ta ke yaƙin korar Faransa. Wannan alheri ne, ba mu musu. Amma a duba abin mamaki. Aljeriya ita ce kan gaba wajen neman 'yancin Yammacin Sahara, ta ce kowace al'umma tana da ikon zaɓen makomarta, da aka zo kan Kosovo sai ta ce iyakar ƙasa ba ta taɓuwa. Mudu biyu ke nan, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, kuma kowa ya san sunan mai yin haka a kasuwa. Bashin Tito kuwa ba Milosebic ya kamata a biya ba, domin a zamanin Tito ne, a 1974, aka ba Kosovo ikon tafiyar da al'amuranta, Milosebic ya zo ya ƙwace a 1989. Waɗansu kuma ba Tito su ke tunawa ba, fuskar Rasha su ke dubawa, mai sayar musu da jiragen yaƙi da alkama.

Kada a zaci wannan sabon hali ne. Da Muritaniya ta sami mulkin kai a 1960, Maroko ta ce ai yankinta ce, ƙasashen Larabawa suka bi bayanta in ban da Tunisiya, ba a karɓe ta cikin ƙungiyarsu ba sai 1973. Bangladesh ma da ke jinkirta wa Kosovo ta ɗanɗana. Ta ɓalle daga Pakistan a 1971 bayan kisa mai ban tsoro, Pakistan ba ta yarda da ita ba sai a taron Lahore na 1974, Saudiyya kuwa sai 1975, bayan an kashe Shaihu Mujibur Rahman. Wanda aka taɓa rufe wa ƙofa, shi ne ya bar wani tsaye a waje shekara 9.

Lalle masu noƙewa suna da hujja guda wadda ba ta raini ba ce. Suka ce in kowane yanki da ya yi fushi zai kafa tuta, ba ƙasar da za ta tsira. Mu da ƙasarmu ta ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 ba ma bukatar a karanta mana wannan. Kuma ga shi Rasha ta fake da Kosovo ta yanki ƙasar Jojiya a 2008, ta haɗiye Kirimiya a 2014. A Tarayyar Turai ma Sifen da Girka da waɗansu ƙasashe 3 sun ƙi yarda. Duk mun ji. Amma a tuna yadda aka yi har aka kai nan. Bayan 1989 aka kori Albaniyawan Kosovo daga aikin gwamnati dubbai, 'ya'yansu suka koma karatu a ɗakunan gidaje. Shekaru suna bin Ibrahim Rugova, mutumin da ya ce kada a ɗauki ko sanda, duniya ba ta waiwaye su ba. Sa'an nan yaƙi ya ɓarke. A 1999 aka kori mutum fiye da 800,000 daga ƙasar, waɗansu a ƙafa, waɗansu an cusa su cikin jirgin ƙasa, aka karɓe takardun shaidarsu a bakin iyaka don kada su dawo. An kashe fiye da 10,000. Sai da jiragen NATO suka yi kwana 78 suna ruwan wuta kafin sojan Sabiya su fita. Sarkin da ya kori talakawansa ya yayyaga takardunsu, da wane baki zai ce har yanzu nasa ne? A Yuli 2010 Kotun Duniya, da alƙalai 10 a kan 4, ta ce shelar Kosovo ba ta karya dokar ƙasa da ƙasa ba. Waɗanda suka ce shari'a su ke jira, ga shari'a ta zo, yawancinsu ba su motsa ba.

Ba mu ce a yarda da Kosovo don mutanenta suna salla ba. Su kansu ba su roƙa da sunan addini ba, tsarin mulkinsu bai ɗauki wani addini na gwamnati ba. Ba kuma mala'iku ba ne. Bayan yaƙi Sabiyawa da yawa sun gudu don tsoron ramuwa, a Maris 2004 an ƙone majami'u, wanda abin kunya ne, kuma shugabansu Hashim Taci ya sauka a 2020 ya tafi Hague amsa tuhuma. Abin da mu ke cewa shi ne, wanda ya cika kunnen duniya da kiran 'yan'uwantaka a kowane taro, ya kamata a same shi ran da aka zo neman shaida. In kuwa tsoron yankinsa ne ya hana shi, ya fito ya faɗa, sa'an nan ya koma gida ya tambayi abin da ya sa mutanen yankin ke son barinsa.

Yanzu kuma waɗansu na zargin Kosovo da zama 'yar amshin shatan Amurka. Suna nuna gunkin Bill Clinton da ke tsaye a Pirishtina, suna nuna ofishin jakadancin da ta buɗe a Birnin Ƙudus a Maris 2021 bayan Isra'ila ta yarda da ita. Mu ma wannan bai yi mana daɗi ba ko kusa, gama hakkin Falasɗinawa aka taka, kuma wanda ya san zafin kora bai kamata ya yi haka ba. Turkiyya ta yi faɗa, ita kam tana da bakin yi, tun ran farko tana nan. Amma wanda ya yi shekara 13 yana wuce ƙofar maraya bai ko yi sallama ba, ina ya sami ikon tambayar gidan wa ya ci tuwo? Kuma a wannan zama na Washington, a Satumba 2020, Sabiya ma ta sa hannu za ta mai da nata ofishin Birnin Ƙudus. Ba ta cika ba, gaskiya ne, amma ba mu ji ko ɗaya cikin masu kare ta ya janye hannunsa a ranar ba.