Wasiƙa ga Likitocin da Kwamfuta ta Shigo wa Ɗakin Duba Marasa Lafiya



Kundin lafiya na kwamfuta, wato ma'ajiyar da ake shigar da tarihin ciwon mutum da sakamakon gwaje-gwajensa da magungunan da aka rubuta masa, yana maye gurbin fayil ɗin takarda a asibitoci, kuma amfaninsa a bayyane yake, domin ba ya ɓata a ɗakin kati, ba ya kuma barin mai ba da magani yana kokawa da rubutun hannu. Abin damuwa shi ne yadda yake cinye lokacin sauraro. A Amurka, inda dokar HITECH ta 2009 ta ware kuɗi don ƙarfafa wa asibitoci gwiwar komawa ga wannan tsari, wani bincike da Christine Sinsky da abokan aikinta suka wallafa a 2016 ya nuna cewa a kan kowace awa ɗaya da likita ya yi ido da ido da majiyyata, yakan kashe kusan awa biyu a kan kundin da sauran aikin tebur.

Tushen matsalar yana cikin yadda aka ƙera manhajojin, domin galibinsu an tsara su ne da la'akari da lissafin kuɗi da inshora da rahoton hukuma, saboda haka suna neman bayani a gurabe, kowace tambaya da wurinta, alhali majiyyaci da labari yake zuwa. Tun a 1984, kafin zuwan allon kwamfuta, Beckman da Frankel sun gano cewa likitoci na katse majiyyaci bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara magana, kuma jerin guraben da ke jiran cikawa ƙara wa wannan ɗabi'a ƙarfi yake yi. Illar ta fi tsanani a ƙasar Hausa, inda kunya ke sa matar da ke fama da ciwon mara ko yoyon fitsari ta fara da cewa jikinta ne ba daɗi, ta yi ta kewaye-kewaye tana auna fuskar likita, sai ta ga alamar natsuwa sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Idan ƙeyar likita kaɗai take gani, za ta karɓi maganin zazzaɓi ta koma gida da ciwonta.

Don haka ya wajaba likita ya keɓe mintunan farko ga gaisuwa da sauraro, hannunsa nesa da madannai, har majiyyaci ya kai aya. Ya dace kuma a girke allon a gefe, yadda ba zai tsaya tsakanin fuskokin biyu ba, sannan in lokacin rubutu ya yi, likita ya sanar cewa zai shigar da bayanin, ya kuma maimaita abin da ya rubuta da harshen majiyyaci, musamman da yake da Hausa ake ba da labarin amma da Turanci ko Faransanci ake adana shi. Kwafo bayanin zuwan baya a liƙa shi a na yau, ba tare da sake tambaya ba, hanya ce da kuskure ɗaya ke bin mutum shekara da shekaru, kuma babu gaggawar da ta isa ta zama uzurinta.

Sai batun sirri, wanda a Najeriya dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023 suka ɗora wa ma'aikaci nauyinsa. Majiyyaci kan zo da ɗan rakiya, miji ko suruka ko maƙwabci, saboda haka kafin a juya allon da ke ɗauke da sakamakon gwajin ƙanjamau ko na juna biyu, dole a tabbatar da wanda majiyyacin ya yarda ya gani, kuma bai halatta likita ya ara wa abokin aiki kalmar sirrinsa ko ya fita ya bar kundi a buɗe ba. Kalmomin da ake rubutawa ma suna buƙatar kulawa, domin tun 2021 ƙa'ida a Amurka ta ba majiyyata damar karanta bayanan likitocinsu ta intanet ba tare da jinkiri ba. Maimakon a rubuta cewa mutum ya ƙi shan magani, gara a rubuta dalilin da ya bayar, ko tsada ce, ko azumi, ko jirin da maganin ke sa shi, domin da wannan dalilin ne likita na gaba zai san abin da zai sauya.