Aljanin Da Ba Shi Da Makari, Marubucinsa Malalaci Ne



Maudu'inmu na wannan mako zai taɓa wasunmu, sai a yi haƙuri. Mun karanta labarai da yawa a zauren nan inda aljani guda yake ɓacewa, ya tashi sama, ya karanta zuciyar mutum, ya ƙone birni da tsawa ɗaya, sannan a babi na arba'in jarumi ya sare shi da takobi kamar rago. In an yi magana sai a ce, "Ai aljani ne, komai zai iya." Mu dai mun ce wannan amsa lalaci ce.

Mu leƙa wajen waɗanda suka daɗe suna fama da matsalar. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Mutane ne ke zama a teburi, kowa ya ɗauki jarumi guda, mutum ɗaya ya ja ragamar labari, 'yan lido su yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. A irin wannan zama marubuci ba ya iya ɓoyewa. Dodon da ya fi ƙarfin kowa zai kashe jarumai cikin minti biyar, a watse. Wanda aka kambama kuma ya mutu da sara ɗaya, dariya za a yi wa mai jan labarin. Dole ta sa suka koyi auna baiwar da aka haifi halitta da ita.

Ga yadda aka yi a bugu na biyar, na 2014. Dragon yana aman wuta, amma in ya yi sau ɗaya sai an jefa ɗan lido mai fuska shida, ba zai sake ba sai 5 ko 6 ta fito. Tsakanin aman farko da na biyu jarumai ke samun damar dabara, kuma zullumin jiran na biyun shi ne daɗin faɗan. Troll kuwa rauninsa warkewa yake da kansa, maki goma a kowane zagaye, sai in an taɓa shi da wuta ko asid. Jinsin drow suna da tsafin jini, amma ba a sakar musu shi gaba ɗaya: wani tun farko, wani a mataki na 3, na kiran duhu sai a mataki na 5, kuma manyan biyun sau ɗaya kafin dogon hutu. Ga hasken rana yana raunana musu gani da kai hari.

Su ma sun yi kuskure, kuma sun gyara. Jinsin aarakocra masu fiffike sun fito da gudun tashi ƙafa 50 tun matakin farko, ramuka da katangun da aka shirya wa sauran jarumai suka zama banza a wajensu. A littafin 2022 aka rage tashin ya dawo daidai da tafiyarsu ta ƙasa. A nan ne kuma aka cire wa jinsin yuan-ti kariyar da ta sa guba ba ta kama su sam, aka bar musu juriya kawai.

Wani zai ce, "Wasa daban, adabi daban, ƙa'ida tana kashe al'ajabi." To, wane al'ajabi ne ya rage bayan mai karatu ya gane cewa aljanin zai manta da ƙarfinsa duk ranar da marubuci ya matsu? Kuma wannan ba aron Turawa ba ne. A bakin Bahaushe kowane asiri da makarinsa, kowace laya da sharaɗinta. Mu ne muka yar da abin gida.

Sai dai kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ce a aske kowace halitta ta koma daidai da 'yar uwarta ba. Mai yin haka shi ma ya ɓata miya. Dragon ɗin da bai fi mutum ƙarfi ba ƙadangare ne. A bar masa wutarsa, a dai faɗa mana abin da take ci masa.

Saboda haka kafin ka saka aljani ko dodo a labarinka, ɗan uwa, amsa tambaya uku a takarda. Sau nawa yake iya amfani da baiwarsa? Me yake asara in ya yi? Mene ne makarinta, kuma a wane babi mai karatu zai fara jin ƙishin-ƙishinsa? In makarin bai bayyana ba sai a shafin da jarumi yake bukatarsa, ka cuci mai karatu.

Ga aikin mako: kowa ya ɗauko halitta ɗaya daga labarinsa, ya rubuto mana baiwarta da makarinta a layi biyar a ƙarƙashin wannan rubutu. Wanda ya ga ba mu yi daidai ba, bismillah, ya kawo hujja.

Wassalam.