Tikitin Dambe Ya Koma Na Masu Hannu Da Shuni

 

Har yau Yaya yana min tsiya wai ban je Riyad kallon damben Fury da Usyk na 18 ga Mayun 2024 ba, alhali daga Doha jirgi ba ya kai awa biyu. Wallahi Yaya na yi ƙoƙari. Ranar da aka buɗe sayar da tikiti na ajiye karatu na tsare kwamfuta, ina bin layin da ba na ganin na gabana. Kafin a zo kaina masu araha sun ƙare. Washegari sai ga su hannun 'yan bumburutu a intanet, kuɗin ya fi ƙarfin ɗalibi.

Ni a ganina wannan zalunci ne. Tun Lennox Lewis a 1999 ba a sami wanda ya haɗa kambunan ajin masu nauyi duka ba, sai Usyk a daren nan. Irin wannan dare na masoya dambe ne. A gidan damben Kano mahauci da ɗan dako kowa ya biya a ƙofa ya shiga, a sa zare tsakanin Kudu da Arewa, a yi kisa a gaban idonsa.

Maganin ba wuya: a rubuta sunan mai saye a jikin tikiti, a duba a ƙofa.

Ni dai a talabijin na kalla. A gaida Inna da yara.