Katin yawon gidajen tarihi na Istanbul: a saya ko a bari?

Duk wanda ya leƙa hirar 'yan ajin ƙarshe a wannan zangon zai ji maganar fita waje ta yi yawa. Wani yana cike takardun neman tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wani zai raka yayansa sarin kaya, wata kuma Umara za ta je da iyayenta, jirginsu ya ya da zango a Istanbul. Da zarar mutum ya fara bincike a intanet, abu na farko da za a tallata masa shi ne katin nan da ake kira Museum Pass Istanbul, wai kati ɗaya ne zai buɗe maka ƙofofin tarihin birnin. Ra'ayina shi ne, ga yawancinmu ɗalibai, wannan kati bai cancanci kuɗinsa ba.

Bari mu fara da menene shi. Ma'aikatar Al'adu da Yawon Buɗe Ido ta Turkiyya ce ke sayar da shi. Yana aiki na kwana 5 a jere, lissafi kuma yana farawa ne daga lokacin da ka shiga wuri na farko. Kowane wuri sau ɗaya za ka shiga da shi. A 2024 farashinsa Yuro 105 ne. A canjin wannan shekarar kuɗin ya haura naira dubu 150, wato ya ninka mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira dubu 70 fiye da sau biyu. Kun ga ai ba kuɗin da za a fitar da ka ba ne, sai an zauna da biro da takarda.

To mu yi lissafin. A farashin 2024, hawa hasumiyar Galata Yuro 30 ne, gidan kayan tarihin da aka tono daga ƙasa Yuro 15, gidan fasahar Turkawa da Musulunci Yuro 17. Ka haɗa su duka, Yuro 62 ke nan, ko kusa da 105 bai kai ba. Abin da ke cike giɓin shi ne fadar Topkapi, inda sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400, kuma inda ake ajiye kayayyakin da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa. Tikitinta yana da tsada, katin kuma yana shigar da kai. Amma ko da ita, sai ka zagaya wurare huɗu ko biyar kafin ka ce ka fara cin riba.

Ga inda gizo ke saƙar. Wuraren da suka fi jan mutane ba sa cikin katin. Aya Sofiya, wadda aka gama gina ta a 537, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan ta koma masallaci a 2020. Tun watan Janairun 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan Yuro 25, kuma ba a karɓar katin. Tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da ake kira Yerebatan, can ma ba ya aiki. Haka fadar Dolmabahce. Wato bayan ka biya 105, za ka sake sa hannu a aljihu.

Sannan abin da ya fi taɓa zuciyar mutumin da ya taso a wajenmu kyauta ne. Masallacin Sultan Ahmed mai shuɗin ado, ba ko sisi. Masallacin Sulaimaniyya da gwanin magina Sinan ya kammala a 1557, ba ko sisi. Unguwar Eyup, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, haka nan. Babbar kasuwa mai rufi, shiga kyauta ne, sai dai ka riƙe aljihunka da kyau. Waɗannan kaɗai za su cinye maka kwana biyu cur.

Akwai kuma wata illa da ba a faɗa a talla. Wanda ya biya kuɗi mai yawa a dunƙule, hankalinsa yana komawa kan yadda zai fanshe kuɗinsa. Sai ka gan shi yana gudu daga wannan gida zuwa wancan, yana ɗaukar hoto, bai tsaya ya karanta ko allo ɗaya ba. Ya dawo gida da ciwon ƙafa da hotuna ɗari uku, ka tambaye shi me ya gani, sai kame-kame.

Masu goyon bayan katin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Yana raba ka da layin sayen tikiti, wanda a lokacin zafi kan yi tsawo sosai a ƙofar Topkapi. Gaskiya ne. Sai dai layin binciken tsaro yana nan, dole ka bi shi kamar kowa. Idan kai ɗalibin zanen gine-gine ne ko na fannin yawon buɗe ido, kana da kwana huɗu ko biyar da ba ka da wata hidima, kuma ka riga ka rubuta wurare shida da kake son gani a cikin jerin katin, to saya, zai biya ka. Ka dai tuna Topkapi a rufe take ranar Talata, kada ka ɓata kwana ɗaya a banza.

Amma mai kwana biyu, ko wanda rabin lokacinsa zai tafi a shagunan kaya, ya sayi tikitin Topkapi shi kaɗai, ya yi salla a manyan masallatai, ya hau jirgin ruwan haya ya tsallaka daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya da kuɗi kaɗan. Wanda kuma zango kawai ya yi na awa 6 zuwa 24 a jirgin Turkish Airlines, ya tambayi shirinsu na Touristanbul, suna zagayawa da fasinja cikin gari kyauta.

Shawarata ga 'yan uwa ita ce, kafin ka biya, rubuta wuraren da za ka je da gaske, duba farashin kowanne a shafin hukuma domin yana canzawa, ka haɗa jimla. In jimlar ba ta wuce kuɗin katin da rata mai kyau ba, ka bar musu abinsu, ka riƙe Yuronka don abinci da kuɗin mota.