Kada Ku Kai Hatsinku Duka Kasuwa da Kaka

Ya ku manoman ƙasar Sakkwato, da ku hakimai da masu unguwanni, ga shawara a kan sayar da hatsi. Ku karanta, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Kowa ya sani da kaka gero da dawa da shinkafa sukan yi araha, domin kowa yana kai nasa kasuwa lokaci guda, ga hidimar biki, ga masu bin bashi a ƙofar gida. 'Yan kasuwa su saya su tara. In bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, sai manomi ya koma ya sayi hatsin nan da tsada, watakila ma da bashi. Hausawa sun ce, kasuwa a kai miki dole. Wanda dole ta kai shi kuwa, abin da aka taya shi zai sallama.

Saboda haka muna ganin abin da ya fi shi ne, bayan an fid da zakka, mai gida ya kasa hatsinsa uku. Kashi na fari abincin iyali har sabon gero ya nuna, da irin shuka. Wannan kada a taɓa shi ko nawa aka taya. Na biyu a sayar kaɗan kaɗan gwargwadon bukata. Na uku a ajiye sai kasuwa ta yi kyau.

Ajiya kuwa sai da lura. A bari hatsi ya bushe sarai. A ɗora rumbu bisa duwatsu saboda gara, a gyara jinka. Gero a zangarniya ya fi sussukakke jimrewa. Sussukakke kuma a zuba shi a buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, a ɗaure kowane ruɓi tam, ƙwari su mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

Sa'an nan ku haɗa kai. Mutum goma in sun tara kayansu mota guda, kuɗin dako ya ragu, dillali kuma ba shi raina su. Kafin ku ɗaura kaya ku tambaya ta waya yadda buhu yake a babbar kasuwar Sakkwato da Illela da Dawanau ta Kano. Ku auna da mudunku tun a gida. A ƙasar Nijar, tun wajen 1999, ƙungiyoyin manoma sukan kulle hatsi a ɗakin ajiya da kaka, su karɓi rance a kansa, su biya in sun sayar daga baya. Wannan dabara ta isa a gwada ta a nan.

Amma fa ajiya ba kullum take jawo riba ba. An rufe iyakar Illela a 2019, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. A 2024 gwamnati ta ɗauke kuɗin fito na wani lokaci a kan masara da shinkafa da alkama da wake masu shigowa daga waje, a 2025 kuwa hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara da yawa suka yi hasara. Don haka kada kowa ya ci bashi domin ya ɓoye hatsi, kada kuma ya jira tsadar ƙarshe. In riba ta rufe wahala, a sallama.

Ya ku hakimai, kakanninmu sun ga yunwar 1914, iyayenmu sun ga farin 1973, wanda ya share rumbunsa tun da kaka shi ya fi shan wuya. Ku tara jama'arku kafin a yanke gero, ku tsai da wurin ajiya da amintaccen mutum da zai riƙa rubuta buhunan kowa. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.