Shanun aure a ƙasar Xhosa ba kuɗin saye ba ne

A shekarar 1941 wani saurayi ya gudu daga ƙasar Tembu ya nufi birnin Johannesbag, domin wakilin sarki da ya rene shi, Jongintaba Dalindyebo, ya zaɓa masa mata ba da shawararsa ba. Saurayin nan shi ne Nelson Mandela. Mai karatu zai iya cewa ashe auren gargajiya na mutanen Xhosa, mazauna yankin Kap ta Gabas a Afirka ta Kudu, tilas ce tsagwaronta. To, a dakata tukuna. Mandela da kansa, da ya tashi auren Winnie a 1958, ya kai wa mahaifinta dukiyar aure yadda al'ada ta tanada.

Abin da ake fara bincike shi ne dangi, domin ƴan dangi ɗaya, masu "isiduko" ɗaya, ba su auren juna, ko da nesa zumuncin yake. Daga nan iyayen yaro su aika wakilai a tsai da "lobola", wato shanun da za a kai gidan uban yarinya. A yau ana yawan ba da kuɗi, amma har yanzu da sunan shanu ake lissafi.

A nan masu suka ke cewa an sayar da ɗiya. Gaskiya ne wannan dukiya ba kamar sadaki take ba, wanda a Musulunci haƙƙin mace ne ita kaɗai. Shanun nan garken ubanta suke shiga. Amma wanda ya sayar da abu ba ya bin sawunsa. Shi kuwa uban amarya yana haɗa ta da ayarin ƴan rakiya da kaya, ya kuma ba ta saniya tata ta kanta, wadda miji ba shi da ikon sayarwa. Shanun da ya karɓa sun ɗora masa nauyin tsaya mata in aka wulaƙanta ta. A gidan miji ana yanka akuya ko tunkiya, amarya ta ci naman, a ba ta nono ta sha, a raɗa mata sabon suna, dattawa su yi mata gargaɗi. Ta ɗaura baƙin kallabi har goshi, ta kuma guji faɗin sunan surukinta, har da kalmomin da suka yi kama da shi. Matar Bahaushe da ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba za ta yi mamakin wannan kunya ba.

Ɓarnar da ta cancanci suka daban take. Akwai "ukuthwala", ɗauke yarinya a kai ta gidan namiji don a tilasta maganar aure. A 2015 babbar kotun birnin Kap ta tabbatar da ɗaurin shekara 22 a kan wani mutum da ya ɗauke yarinya mai shekara 14, ta ƙi karɓar al'ada a matsayin hujjarsa. Hukuncin nan ya yi daidai.

Gwamnatin ƙasar ba ta soke auren gargajiya ba, kuma ta yi hikima. Doka ta 120 ta shekarar 1998, wadda ta fara aiki ran 15 ga Nuwamba 2000, ta ba shi cikakken matsayi gaban shari'a, ta kuma daidaita mata da miji wajen mallakar dukiya da kai ƙara. Sharaɗi shi ne kowannensu ya kai shekara 18, kowa ya yarda da bakinsa, a kuma ɗaura auren bisa al'ada. An ce a rubuta shi wurin hukuma cikin wata 3, amma rashin takarda ba ya warware aure. Da ba don wannan sassauci ba, da matar ƙauye wadda ba ta taɓa shiga ofishi ba ta rasa gadonta ranar da mijinta ya rasu.